Hular Ɗan Takara da Ruwan Miga

A ranar 28 ga Satumba, 2022, hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe ƙofar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya. Na gwamnoni da 'yan majalisun jihohi ya biyo baya ranar 12 ga Oktoba. A waɗannan makonni Jigawa ba ta gama fitowa daga cikin ruwa ba. Ambaliyar wannan damina ta halaka sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, inda rayukan da aka rasa suka haura ɗari. Ƙananan hukumomin da ke jere a gaɓar kogin Haɗeja, daga Ringim da Taura zuwa Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja kanta, sun ga shinkafa ta nutse tana dab da nuna, gidajen ƙasa sun narke, iyalai sun koma kwana a azuzuwan makaranta.

A daidai waɗannan makonni ne kuma matasa masu sana'ar kwamfuta a Abuja da Legas da Kano suke ƙarasa kwangilar gina wa 'yan takara shafukan intanet. Wanda ya saba buɗe irin waɗannan shafuka ya san fasalinsu tun kafin su gama sauka. Hoton ɗan takara ya cika fuskar waya, an daidaita masa hula, an goge masa tsufa, yana duban wani wuri can sama da kan mai karatu. Taken kamfe da Turanci cikin manyan haruffa. Bidiyo mai kunna kansa ba tare da an nema ba. Tarihin rayuwa tun daga firamare har zuwa sarautar da aka naɗa shi bara, da hotunan gaisawa da manya, sannan madannai biyu, na shiga tafiya da na ba da gudummawar kuɗi. Idan mutumin Hantsu ko Zareku ko Sansani ya zo da tambaya ɗaya tak da ke cin ransa, wato me wannan bawan Allah zai yi game da ruwan nan, datarsa za ta ƙare yana kallon hula.

Masu zanen shafuka, idan suka zauna kwatanta aikin juna, kan tsaya a kan launi da zubin haruffa da santsin motsin hotuna: wane ne nasa ya fi kama da na Turawa, wane ne korensa ya yi duhu da yawa. Wannan gasar kwalliya ce, kuma alƙalanta su ne masu yin ta. Ma'aunin da ya dace da shafin mai neman ƙuri'a guda ne: mai ƙuri'ar ya zo da tambayarsa, a kan wayarsa, da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa, cikin harshen da yake mafarki da shi, shin ya tafi da amsar da zai iya riƙe ɗan takara da ita bayan shekara huɗu? Miga wuri ne mai kyau na gwada wannan ma'auni, domin tambayarta ba ta da kwana-kwana, kuma amsarta sananniya ce ga duk wanda ya damu ya sani.

Ruwan da ke cin gonakin Miga yana da tarihi. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka kammala na Challawa a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kafin a datse su, kogin yana da numfashi biyu a shekara: ya cika ya malale fadama da damina, ya janye ya bar rairayi da rani. Da aka fara sakin ruwa daga dam kusan ko'ina cikin shekara, domin noman rani da ruwan shan Kano, sai hanyoyin ruwan da a da suke bushewa suka daina bushewa, ciyawar kachala ta sami wurin zama. Kachala tana tsirowa a ruwa mara zurfi, tana rage gudunsa, yashi da laka suna taruwa a gindinta, cikin kogi yana cikewa. Idan damina ta yi ƙarfi, ruwan da ya rasa hanya sai ya fasa jinga ya bi gonaki da gidaje. Daga baya kuma kachalar nan ita ce masaukin tsuntsayen jan-baki, masu ƙarasa abin da ruwa ya rage. Manomin fadama ya san wannan duka ba tare da ya karanta rahoton kowa ba, domin shi ke shiga ruwa da lauje yana yankan ciyawar a aikin gayya.

Abin da ba kowa ya tantance ba shi ne wa ke riƙe da wane igiya. Dam-daman biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce, hedikwatarta kuma tana Kano. Hasashen ambaliya na kowace shekara hukumar tarayya ce ke fitar da shi. Agajin gaggawa da manyan jingaye da hanyoyin karkara, jiha ce kan gaba. Ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Jahun da Miga ba ya buɗe dam ko rufe shi, amma yana da ƙuri'a a kan kasafin kuɗin hukumar da ke yin haka, yana da ikon sa a kira shugabanninta gaban kwamiti, yana kuma da rabonsa a cikin naira biliyan 100 da aka saba warewa duk shekara domin ayyukan mazaɓu. Shugaban ƙaramar hukuma da kansila suna da nasu ɗan fagen, wanda hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya ce a faɗaɗa. Saboda haka tambayar mutumin Hantsu tana da amsa daban a bakin kowane mai neman kujera. Shafin da ya san aikinsa zai faɗi iyakar ikon kujerar da ake nema, sannan ya faɗi abin da za a yi a cikin wannan iyaka. Shafin da bai sani ba sai ya rubuta cewa ɗan takara zai bunƙasa noma ya tallafa wa matasa da mata, jumlar da za a iya ɗauke ta daga Miga a ajiye a Bayelsa ba a canza wasali ko ɗaya ba.

A matakin shugaban ƙasa, dole a yi adalci: an yi rubutu a 2023, mai yawa ma. Bola Tinubu ya fitar da kundin manufofi mai shafi 80 a Oktoban 2022. Atiku Abubakar yana da nasa tun kafin nan. Na Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya fito a Nuwamba, ya haura shafi ɗari. Na Peter Obi ya zo a Disamba. Duk huɗun da Turanci aka ƙaddamar da su, a zubin littafi, aka kuma yaɗa su a matsayin fayil ɗin PDF, wato hoton shafin takarda da aka tsara domin injin ɗab'i. Wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta irin wannan fayil a ƙaramar waya ya san azabar: a buɗa rubutu da yatsu biyu, a ja dama, a ja hagu, layi ya ɓace, a koma farko. Kalmomin da ke cikin shafi 80, idan aka zuba su tsurarsu, ba su kai megabayit ɗaya ba, kuma za su sauka ko a inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa. Hotuna da ado ne ke ninka nauyin. An zaɓi zubin da zai yi kyau a hannun ɗan jarida ranar ƙaddamarwa a Abuja, kuma can ɗin ne aka nufa da shi tun asali.

Fasalin da ake kwaikwaya, kowa ya san daga ina ya fito. Kamfen ɗin Barack Obama na 2008 a Amurka shi ne ya kafa salon: tambari mai sauƙi, haruffa masu tsabta, babban hoto, wurin ajiye adireshin imel, madannin ba da kuɗi. Amma an ɗauko rigar an bar jikin. Mutanen Obama ba su zaɓi fuskar shafinsu da son ran maigida ba. A ƙarshen 2007 wani ma'aikacin kamfen, Dan Siroker, ya haɗa madannai huɗu da hotuna uku da bidiyo uku, ya fitar da zubi 24, aka riƙa nuna wa maziyarta daban-daban ana ƙirga wanda ya fi sa mutane yin rajista. Ma'aikatan kamfen sun fi son wani bidiyo. Sakamako ya nuna kowane bidiyo ya sha ƙasa a hannun hotuna, kuma zubin da ya yi nasara, hoton ɗan takarar da iyalinsa tare da madannin da ke gayyatar mutum ya nemi ƙarin bayani, ya ƙara yawan masu rajista da kusan kashi 40 cikin ɗari. Darasin da ke ciki shi ne a tambayi mai ziyara, a bar abin da ya nuna ya rinjayi abin da manya ke so. A ƙasar da intanet ke da arha ma bidiyo ya faɗi jarrabawa. A nan kuwa, inda hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, har yanzu shi ake ɗorawa a bakin ƙofa, saboda shi ne abin da ke burge mai biyan kuɗin kwangila idan aka nuna masa a babban allo.

Madannin gudummawa shi ya fi tona asirin rigar aro. A Amurka wani kaso na kuɗin siyasa yana hawa daga ƙasa zuwa sama, dala biyar-biyar daga miliyoyin mutane, don haka shafin kamfe a can asusu ne kafin ya zama komai. A siyasar Jigawa, kamar ta sauran ƙasar, kowa ya san inda kuɗi ke gangarowa: daga ɗan takara zuwa wakilan jam'iyya, zuwa shugabannin mazaɓu, zuwa atamfa da taliya da sabulu. Magoya bayan Obi sun gwada tara kuɗi ta intanet a 2022, kuma wannan wani sabon abu ne da ya cancanci a lura da shi. Amma a sa wa manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa madannin neman gudummawa a wuri mafi kyau na shafi, a ɓoye abin da za a yi masa a shafi na sittin da wani abu na fayil ɗin da ba zai sauka ba, wannan ya wuce rashin dabara, ya shiga rashin ta-ido.

Da za a yi aro da hankali, Indiya ta fi kusa. Shafin Narendra Modi yana buɗewa cikin harsunan ƙasar sama da goma, kowanne da haruffansa. A ƙarshen 2014 jam'iyyarsa ta BJP ta buɗe rajistar mambobi ta hanyar da duk ɗan Arewa ya ƙware a kanta, wato filashin: a kira wata lamba, kiran ya katse, saƙo ya dawo, ba a kashe ko sisi ba. Jam'iyyar ta ce ta tara mambobi sama da miliyan 100 ta haka. Ana iya ƙin siyasar Modi, akwai kuma dalilai masu nauyi na ƙin ta, ana iya shakkar adadin ma. Abin lura shi ne masu tsara masa sun fara ne daga wayar da ke hannun talakan ƙauye, suka gina komai a kanta. Masu tsara wa 'yan takarar Najeriya daga kwamfutar da ke kan teburinsu suke farawa.

Batun harshe ya fi kowanne ciwo. Jigawa jiha ce da Hausa ke gudanar da kasuwa da masallaci da zaman sulhu da kamfe kansa. Ba a taɓa jin ɗan takara ya hau mumbari a Miga ya nemi ƙuri'a da Turanci ba. Amma da zarar an zo rubuta alkawari, sai a koma harshen da akasarin masu ƙuri'ar ba za su iya kama shi da shi ba. Ko da gangan ne ko bisa al'ada, sakamakon ɗaya ne: abin da aka faɗa da Hausa iska ta kwashe, abin da aka rubuta kuma an rubuta wa wasu. Inda aka daure aka sa Hausa, sau da yawa fassarar inji ce da ba wanda ya duba, cikin zubin haruffan da bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ƙugiya ta faɗi ko harafin ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harshen da ƙugiya ɗaya ke raba ƙasa da kasa, ta raba baƙi da baki. Akwai zubin haruffa na kyauta masu ɗauke da su duka, zaɓensu aikin minti biyar ne. Sannan akwai dubban mutanen da karatunsu na allo ne, waɗanda ajami ya fi musu boko sauƙi, da wasu dubban da kunne ne hanyarsu. Muryar ɗan takara ta minti ɗaya, yana faɗin abin da aka rubuta kalma da kalma, ba ta kai nauyin hoton hularsa ba, kuma za ta yi yawo a WhatsApp ta isa inda shafin ba zai taɓa isa ba.

Wannan duka a sama ne, inda ake da shafin. Idan aka gangaro zuwa kujerun da suka fi kusa da jingar Miga, wato majalisar wakilai da majalisar jiha da shugabancin ƙaramar hukuma, abin da aka fi samu shi ne shafin Facebook da wani yaron maigida ke riƙe da shi. Facebook ya daɗe a siyasar ƙasar nan. A kansa Goodluck Jonathan ya bayyana takararsa a Satumban 2010. Yana da amfaninsa, domin can mutane suke, kuma da Hausa ake magana a can. Sai dai shi kogi ne mai gudu: abin da aka rubuta yau, gobe ta'aziyya da ɗaurin aure da taya murnar sarauta sun binne shi, kuma mai shafin yana iya gyara shi ko ya share shi cikin dare. Wanda ya nemi abin da wani ɗan majalisa ya ce game da yashe kogi shekara uku da suka wuce zai gaji da ja da yatsa kafin ya kai.

Akwai amsar da 'yan siyasa da masu ba su shawara ke bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce shafin intanet bai taɓa kawo akwati ɗaya a Jigawa ba. Zaɓe a nan ana cin sa ne a rediyo, a bakin sojojin baka, a waƙar Rarara da takwarorinsa, a zauren mai unguwa, a gidan biki da gidan makoki. Alƙaluma suna bayansu. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, Obi, wanda magoya bayansa suka fi na kowa cika intanet, bai haɗa ƙuri'a dubu biyu ba a Jigawa baki ɗaya, yayin da Tinubu da Atiku kowanne ya tashi da kusan dubu 400, ɗaya sama kaɗan, ɗaya ƙasa kaɗan. A ranar 18 ga Maris Umar Namadi na APC ya doke Mustapha Sule Lamido na PDP da Aminu Ibrahim Ringim na NNPP, inda ya samu ƙuri'a sama da dubu 600, kuma ba wanda zai ce zanen shafi ne ya raba gardamar. Duk wannan gaskiya ne.

Amma amsar tana auna shafin da abin da zai yi wa ɗan takara, alhali muhimmancinsa yana cikin abin da zai yi wa mai ƙuri'a. Rediyo da waƙa da mumbari suna da hali guda: ba sa barin sawu. Sojan baka zai yi alkawarin gada da safe, da yamma a ce ra'ayinsa ya faɗa. Mawaƙi zai rera asibiti a kowace mazaɓa, ba mai kai waƙa gaban kwamiti. Shi ya sa ɗan siyasa ke son su, kuma shi ya sa bai damu shafinsa ya zama fosta mai cin data ba. Rubutaccen alkawari mai kwanan wata da sunan wuri da adadi, wanda aka ajiye a adireshin da ɗan takara ya amsa cewa nasa ne, shi ne abu ɗaya a cikin kayan kamfe da ke iya juyowa ya kama mai shi. Ba lallai ne manomin Tsakuwawa ya buɗe shi da kansa ba. Malamin firamaren garin zai buɗe, malamin gona zai buɗe, ɗalibin da ya dawo hutu daga Dutse ko Kafin Hausa zai buɗe ya karanta a majalisa, mai gabatar da shirin siyasa a rediyo zai buɗe ya karanta wa ɗan majalisa a fuskarsa. Shafin rumbu ne da sauran kafofin za su riƙa ɗiba daga ciki.

Ƙasar nan ta riga ta ga abin da ke faruwa idan babu irin wannan rumbu. A kamfen ɗin 2015 an yaɗa wata takarda mai jera abubuwan da Muhammadu Buhari zai yi a kwana ɗari na farko, jaridu suka buga, magoya baya suka yi ta tura ta. Da kwana ɗarin suka kusa cika, sai fadar shugaban ƙasa, ta bakin Garba Shehu, ta ce Buhari bai san da takardar ba, bai kuma amince da ita ba. Aka yi ta musu, ba a kuma iya yanke shi ba, domin babu wani wuri guda da kowa ya yarda cewa abin da ke cikinsa maganar ɗan takara ce. Cibiyar CDD ta Abuja sai da ta bi jawabai da takardu ɗaya bayan ɗaya ta tsinto alkawura 222 ta kafa musu ma'aunin da ta kira Buharimeter. Ƙungiyar BudgIT ma haka take fama da bin sawun ayyukan mazaɓu ta shirinta na Tracka. Aikin da ya kamata ɗan takara ya yi da hannunsa, wasu ne ke yi masa daga baya, da kuɗin tallafin ƙetare.

Shafukan da aka gina ma ba sa daɗewa. Adireshin intanet haya ce ta shekara-shekara. Da an rantsar da wanda ya ci, wanda ya faɗi kuma ya tafi kotu, ba mai tuna sabunta ta, sai shafin ya mutu da duk abin da ke cikinsa. A Amurka, ɗakin karatu na majalisar dokokinsu yana adana shafukan 'yan takara tun zaɓen 2000. A nan, dokar zaɓe ta 2022 ta tilasta wa ɗan takara ya miƙa wa INEC takardar rantsuwa kan shekarunsa da makarantun da ya yi, a liƙa ta jama'a su gani, amma ba ta neme shi ya ajiye ko layi ɗaya na abin da ya ce zai yi ba. Ana adana shaidar firamarensa, ana barin alkawarinsa ga iska. Abin kunya ne idan aka tuna cewa sanarwar Sawaba da NEPU ta fitar a 1950, a zamanin keken rubutu, har yau ana iya nemo ta a karanta a auna jam'iyyar Malam Aminu Kano da ita, amma alkawarin da wani ya ɗora a intanet a 2019 ya ɓace kamar ba a yi ba. Namadi ya shiga zaɓe da ajanda mai ƙudurori 12, gwamnatinsa kuma ta ci gaba da ambaton ta bayan rantsuwa, wanda hakan ya fi na da yawa daga takwarorinsa. Amma ƙuduri kanun magana ne, kuma mutumin Miga yana buƙatar abin da ke ƙarƙashin kanun: wace jinga, kilomita nawa, a kasafin wace shekara.

Wuri guda ne waɗannan shafuka ke nuna ƙwazo, wato wajen karɓa. Fom ɗin shiga tafiya yakan nemi suna da lambar waya da ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfar zaɓe, wani lokaci har da lambar katin zaɓe, ba tare da an faɗi inda bayanan za su tafi ko wanda zai riƙe su ba. A ƙasar da sayen ƙuri'a ya koma ta tura kuɗi a waya, jerin sunaye da lambobi rumfa-rumfa ba abin wasa ba ne. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta wajabta a faɗa wa mutum dalilin karɓar bayanansa. Shafin da ya san rumfar da mutum ke jefa ƙuri'a, amma ya kasa faɗa masa abin da za a yi wa mazaɓar da rumfar take, ya bayyana wa yake yi wa aiki.

Laifin ba na 'yan siyasa ba ne su kaɗai. Ɗan takara bai san bambancin shafi mai nauyi da mara nauyi ba; wanda ya karɓi kwangilar ya sani. Shi ya sayi zubin da aka riga aka tsara domin kamfe a wata ƙasa, ya canza launi zuwa na jam'iyya, ya cusa hotuna, ya gwada a kan intanet ɗin ofishinsa, ya karɓi cikon kuɗinsa. Wanda ya rubuta kundin manufofin, sau da yawa malamin jami'a ne ko tsohon babban sakatare, Bahaushe ɗan Bahaushe, wanda bai ga dalilin zama ya mayar da shi harshen mahaifiyarsa ba. Jigawa ba ta da uzurin rashin ma'aikata: tun zamanin Saminu Turaki jihar ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, tana cikin na farko-farko a Arewa, ga jami'ar tarayya a Dutse, ga ta jiha a Kafin Hausa, maƙwabciyar Miga. Masu iya aikin suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai dubi maigida ya ce: ranka ya daɗe, a rage hoton nan, a sa abin da za a yi wa kogi. Kuɗi ma ba hujja ba ne, domin a zaɓen 2023 dokar 2022 ta yarda mai neman majalisar wakilai ya kashe har naira miliyan 70, kuma shafin da ake magana a kai bai kai kuɗin fostocin mazaɓa ɗaya ba.

Ga mai neman kujerar Jahun da Miga a 2027, shafin ba zai wuce abin da za a karanta kafin shayi ya huce ba. Sunansa da jam'iyyarsa da kujerar da yake nema a sama, da ƙaramin hoto domin a gane shi a takardar liƙi. Sai bayani da Hausa, ƙugiyoyinta cikakku, na abin da ɗan majalisar wakilai ke da iko a kai da abin da ba shi da shi. Sai sunayen mazaɓu, kowacce da abin da ya ɗauka zai yi mata, da shekarar da zai yi, da inda kuɗin zai fito. A ƙarƙashin Hantsu, maganar jinga da kachala, da ranar da zai nemi a kira Hukumar Haɗeja da Jama'are ta bayyana jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa, da yadda sanarwar za ta riƙa isa ga masu unguwanni kafin ruwan ya iso. Kusa da kowane sakin layi, muryarsa yana karanta shi. A can ƙasa, kwanan watan da aka rubuta, da shaidar cewa an biya hayar adireshin har zuwa 2031.